Ɗaukar Hoton Tsaunuka a Lokacin Kaka: Haske da Sauyin Yanayi

1.0 Gabatarwa

Ɗaukar hoto sana'a ce da ta daɗe da shiga cikin rayuwar al'umma, har ta kai ga a yau da wuya a sami gidan da babu kyamara a cikinsa, ko da kuwa ta wayar hannu ce. Sai dai galibin hotunan da aka saba da su na mutane ne, kamar na biki da suna da salla da fasfo. A irin waɗannan hotuna mai ɗauka ne ke da iko, domin shi ke cewa a matsa nan, a ɗaga kai, a tsaya cik. Akwai kuwa wani reshe na wannan sana'a wanda mai hoto ba shi da ta cewa a kan abin da yake ɗauka, wato hoton shimfiɗar ƙasa. Dutse ba ya gusawa don a gyara masa tsayuwa, gajimare kuma ba ya jiran kowa.

Wannan babi zai yi bayani ne a kan ɗaukar hoton tsaunuka a lokacin kaka ta ƙasashen sanyi, lokacin da ganyaye ke sauya launi, yanayi kuma yake juyawa sau da yawa a cikin yini guda. An ɗauki tsaunukan yammacin Amurka a matsayin misali, saboda a can ne wasu daga cikin mashahuran masu wannan sana'a suka yi aikinsu. Manufar babin ita ce a nuna cewa hasken da ke fitar da kyawun tsauni ba ya wuce 'yan mintoci, don haka wanda ya san dalilan zuwansa, ya kuma shirya tun kafin ya zo, shi ne ke samun sa.

2.0 Ma'anar Kaka a Ƙasashen Sanyi

A wurin Bahaushe, kaka ita ce lokacin girbi, wato bayan ɗaukewar damina kuma kafin shigowar hunturu. A ƙasashen da ke arewa da nisa, kamar Amurka da Turai da Japan, ana amfani da wannan kalma wajen fassara yanayin da ke tsakanin lokacin zafi da lokacin tsananin sanyi. Bisa lissafin masana taurari, yakan fara ne a ranar 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita, ya ƙare a ranar 21 ko 22 ga Disamba. Babbar alamarsa ita ce yadda ganyayen wasu itatuwa ke rikiɗa daga kore su koma rawaya ko ruwan goro ko ja kafin su kakkaɓe. A ƙasar Hausa ma akwai itatuwan da ke zubar da ganye da rani, kamar kuka, amma ba sa yin irin wannan ado kafin su zubar.

2.1 Dalilin Sauyin Launin Ganye

Koren da ke cikin ganye ya samo asali ne daga wani sinadari da ake kira kulorofil, wanda da shi itace ke sarrafa hasken rana ya samar wa kansa abinci. Idan yini ya fara gajarta, sanyi kuma ya ƙaru, sai itace ya daina sabunta wannan sinadari, ya janye abubuwa masu amfani daga ganyen zuwa rassa da saiwa. Da zarar koren ya dushe, sai rawayar da take ɓoye tun da farko ta bayyana. Wannan rawaya ta wani sinadari ce dangin karotin, irin wanda ke ba karas da manja launinsu. Shi kuwa ja, sabo ne ganye ke ƙirƙira a wannan lokaci daga sukarin da ya taru a cikinsa, kuma sinadarinsa, wato antosayanin, shi ne dai ke ba zoɓo launinsa. Jan yakan fi fitowa ne idan aka sami rana mai haske da dare mai sanyi wanda bai kai ga daskarewa ba. Idan kuwa aka yi iska mai ƙarfi ko ruwa mai yawa, ganyayen na iya kakkaɓewa a dare ɗaya, shekarar ta wuce ke nan.

2.2 Tasirin Tsayin Tsauni

A matsakaicin lissafi, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyas a duk hawan mita 1,000. Saboda haka kaka takan fara ne daga saman tsauni ta riƙa gangarowa ƙasa. Alal misali, a gandun Yosemite da ke jihar Kalifoniya, ƙasan kwarin yana kan tsayin kimanin mita 1,200, mashigar Tioga kuwa tana kan mita 3,031. Bambancin zafi tsakanin wuraren biyu zai iya kai wa digiri 12. Don haka itatuwan da ke can sama sukan sauya launi tun a watan Satumba, na cikin kwarin kuwa sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Amfanin sanin wannan shi ne, wanda ya makara a sama ba lallai ne ya koma gida hannu rabbana ba, domin yana iya gangarowa ya tarar da launin a ƙasa.

3.0 Haske da Ire-irensa

Abin da kyamara ke tarawa shi ne hasken da ya daki abu ya dawo. Tsauni ɗaya, a rana ɗaya, yana iya fitowa a hoto fayau ba armashi da tsakar rana, ya kuma fito da kwarjini da la'asar sakaliya. Abubuwa biyu ne ke haddasa wannan bambanci, wato launin hasken da kuma ɓangaren da ya fito.

3.1 Launin Haske

Hasken rana ya ƙunshi dukkan launukan bakan gizo. Yayin da yake ratsa iska, shuɗin da ke cikinsa ya fi saurin warwatsuwa, shi ya sa sama take shuɗiya. Idan rana ta yi ƙasa, kamar da fitowarta ko faɗuwarta, haskenta yakan ratsa iskar da ta ninka ta tsakar rana fiye da sau 30. A kan wannan doguwar hanya galibin shuɗin yakan zube, sai ja da rawaya su iso. Masu hoto suna auna wannan da ma'aunin Kelbin: hasken tsakar rana yana kusan 5,500, na fitowa da faɗuwar rana tsakanin 2,000 da 3,000, na cikin inuwa kuwa yakan haura 7,000, wato ya karkata zuwa shuɗi. Ganyen da ya riga ya yi rawaya, idan jan hasken yamma ya sauka a kansa, sai ya yi kamar an hura masa wuta.

Haka kuma ƙololuwar tsauni takan ga rana kafin kwari ya gan ta. Saboda haka da asuba akan ga kan tsauni ya yi ja alhali gindinsa yana cikin duhu. Tagwayen tsaunukan Maroon Bells da ke jihar Kolorado, waɗanda tsayinsu ya haura mita 4,200, sun shahara da wannan. A ƙarshen Satumba masu hoto sukan yi sammako su jeru a bakin tafkin da ke gabansu tun gari bai waye ba, domin a wannan lokaci iska ba ta tashi ba, ruwan yana kwance kamar madubi.

3.2 Ɓangaren da Haske ya Fito

Idan rana tana bayan mai hoto, hasken yakan cike duk wani lungu da saƙo na jikin dutse, sai tsaunin ya fito a baje kamar zane a bango. Idan ta fito daga gefe, kowane tudu yakan yi inuwa, sai a ga tsagogi da kwaruruka da kaurin dutsen. Idan kuwa tana gaban mai hoto, a bayan itatuwan, hasken yakan ratsa ganyen kamar yadda yake ratsa siririn mayafi, launin ya ƙara ƙarfi. Wannan na uku shi ya fi dacewa da itacen aspen, mai farin jiki da ganye rawaya, musamman idan bayansa akwai gangaren da ke cikin inuwa.

Kaka tana taimakawa a nan, domin rana ba ta hawa can sama. A Kolorado, ranar da dare da rana suka daidaita, tsayin rana da tsakar rana yakan kai kimanin digiri 51 daga doron ƙasa, ya kuma ci gaba da raguwa har ya koma ƙasa da digiri 30 a Disamba. A Kano, a wannan rana ta Satumba, tsayin ya kai digiri 78. Ke nan inuwa ta fi tsawo a can, hasken safe da na yamma kuma sun fi daɗewa.

4.0 Sauyin Yanayi

Tsauni yakan tare iska ya tilasta mata hawa. Idan ta hau sai ta yi sanyi, laimar da ke cikinta ta zama gajimare. Wannan ne ya sa yanayi ya fi saurin juyawa a kan tsaunuka fiye da a fili. Ga wasu daga cikin yanaye-yanayen da ake haɗuwa da su:

(a) Washewar hadari. Lokacin da hadari ke haɗuwa ko yake watsewa, gajimare yakan tsage, haske ya zubo a kan wani yanki na tsauni ya bar sauran cikin duhu. Wannan shi ne abin da masu hoto suka fi nema, kuma sau da yawa ba ya kai minti biyar. Wanda ya naɗe kayansa da fara ruwa ba zai gan shi ba. Galen Rowell (1940–2002), wani mai hawan tsaunuka kuma mai hoto ɗan Kalifoniya, ya gina sunansa ne a kan bin irin wannan haske na bakin hadari da na ketowar alfijir.

(b) Hazon kwari. A daren da sama ta yi tas kuma babu iska, ƙasa takan saki zafinta da sauri. Iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, sai ta gangara ta taru a kwari, laimarta ta zama farin hazo. Wannan ya sha bamban da hazon hunturu na ƙasar Hausa, wanda ƙura ce. Kaka ta fi yawan irin wannan hazo saboda dare ya fara tsawo, ƙasa kuma tana da sauran danshi. Dabara a nan ita ce a hau sama da shi kafin rana ta fito, a ga ƙololuwoyi suna leƙowa kamar tsibirai. Da hantsi ya dubi ludayi, zafin rana zai watsa shi.

(c) Lumshi. Idan gari ya lumshe, babu inuwa mai ƙarfi, kuma sama takan fito fara fat a hoto. A irin wannan rana ya fi kyau a cire sama daga hoton, a mai da hankali kan cikin kurmi da rafuka da ganyayen da suka zuba a kan duwatsu. Bayan yayyafi launuka sukan ƙara fitowa.

(d) Dusar ƙanƙara ta farko. Akan yi dace dusar ƙanƙara ta zuba a saman tsauni alhali ganyaye ba su kakkaɓe ba, sai a sami fari a sama, rawaya a tsakiya, koren itatuwan da ba sa zubar da ganye a ƙasa. Irin wannan ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

5.0 Sarrafa Kyamara

Abubuwa uku ne ke ƙayyade yawan hasken da hoto zai samu. Na farko shi ne faɗin ƙofar haske da ke cikin gilashin kyamara, wadda ake nunawa da lambobi kamar f/4 da f/5.6 da f/8 da f/11 da f/16. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙofar, kuma daga kowace lamba zuwa ta gaba haske yana raguwa da rabi. Wannan rabi ko ninki shi ake kira mataki ɗaya. A hoton tsauni an fi amfani da f/8 zuwa f/11, domin na kusa da na nesa duk su fito sarai. Na biyu shi ne tsawon lokacin da labulen kyamara zai kasance a buɗe. Ganyen aspen yana kaɗawa ko da iska kaɗan ce, don haka yana buƙatar kimanin kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa, amma ruwan rafi yakan fito sumul kamar madara idan aka bar labulen a buɗe na rabin daƙiƙa. Na uku shi ne ƙarfin jin haske, wato ISO. Idan aka bar shi a 100 hoto yakan fito tas, idan aka ɗaga shi da yawa sai tsaki-tsaki ya bayyana. Da yake haske ya yi ƙaranci da asuba da almuru, dole ne a ɗora kyamara a kan matokari mai ƙafa uku don kada hannu ya girgiza ta.

Babbar matsalar da ake fuskanta ita ce tazarar da ke tsakanin sama mai haske da kwari mai duhu. Ido yana iya ganin duka biyun saboda yana daidaita kansa yayin da yake yawo, kyamara kuwa a lokaci ɗaya take ɗaukar komai. Hanyoyin magance wannan sun haɗa da:

(i) Amfani da gilashin tace haske wanda rabinsa na sama ke da duhu, rabinsa na ƙasa kuma garau, domin ya rage hasken sama da mataki biyu ko uku.

(ii) Ɗaukar hoto uku ko fiye na wuri ɗaya, mai duhu da matsakaici da mai haske, a haɗa su a kwamfuta. Wayoyin hannu na zamani suna yin wannan da kansu.

(iii) Kiyaye ɓangaren da ya fi haske. A kyamarar dijital, abin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi daga baya, amma abin da ya ƙone ya zama fari fat ya tafi ke nan.

Har ila yau, ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ɗaukar komai a matsayin ruwan toka matsakaici. Don haka idan dusar ƙanƙara ko hazo ya cika hoto, sai ya mai da su toka-toka, sai an ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu. Akwai kuma gilashin da ke kashe ƙyalli, wanda ke cire walƙiyar da ke kan jiƙaƙƙen ganye ya fito da ainihin launinsa. Ya fi aiki idan rana tana gefen mai hoto, sai dai yana cinye haske mataki ɗaya zuwa biyu.

6.0 Misali Daga Aikin Ansel Adams

Ansel Adams (1902–1984) yana cikin waɗanda suka fi shahara a hoton tsaunuka. Shi da abokin aikinsa Fred Archer ne suka tsara wata hanya ta auna haske a wajajen 1939 zuwa 1940, wadda ta kasa duhu da haske zuwa matakai 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Manufarta ita ce mai hoto ya san yadda kowane ɓangare zai fito tun kafin ya danna.

A kakar 1941, Adams yana kan hanyarsa ta komawa Santa Fe a jihar Niyu Meksiko, bayan ya yini bai sami hoton kirki ba, sai ya hango ƙauyen Hernandez. Wata ya fito a kan tsaunukan Sangre de Cristo masu dusar ƙanƙara, rana kuma tana dab da shigewa cikin gajimare a bayansa, ragowar haskenta yana dukan fararen alamomin gicciye da ke maƙabartar ƙauyen. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, ya tsayar da mota ya kafa babbar kyamararsa, amma ya nemi ma'aunin haskensa ya rasa. Da yake ya haddace adadin hasken da wata ke bayarwa, sai ya yi lissafi da ka, ya buɗe labule na kimanin daƙiƙa ɗaya a kan f/32. Kafin ya juya fim ya ɗauki na biyu, hasken ya bar maƙabartar. Daga baya masana taurari sun yi amfani da matsayin watan a cikin hoton suka gano cewa an ɗauke shi ne a ranar 1 ga Nuwamba, 1941, da misalin ƙarfe 4:49 na yamma.

Daga wannan dodon hoto guda ɗaya Adams ya wanke kwafi fiye da 1,300 a tsawon rayuwarsa, kuma a kwafin da ya yi daga baya ya riƙa ƙara wa sama duhu fiye da yadda take a na farko. Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, duk wanda ya bi wannan hanya a wannan yammaci ya ga abin da Adams ya gani, amma ilimin da ya tara shekara da shekaru ne ya ba shi damar kama shi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Na biyu, aikin hoto ba ya ƙarewa da dannawa, domin wanki da gyara suna cikinsa, matuƙar dai ba a cusa abin da babu shi a wurin ba sannan a ce haka aka gani.

7.0 Kiyaye Lafiya da Kayan Aiki

Yanayin da ke ba da hoto mai kyau shi ne kuma ke jefa mutum cikin haɗari. Tsawa ta fi faɗawa a kan tudu, matokarin ƙarfe a hannu kuwa ƙarin haɗari ne. Ƙarar tsawa tana tafiyar kilomita ɗaya a cikin kimanin daƙiƙa uku, don haka ana iya ƙirga tazarar da ke tsakanin walƙiya da ƙara a san nisanta, amma duk wanda ya ji ƙarar ya kamata ya sauka. Jiƙewa tare da iska mai sanyi suna iya zuƙe ɗumin jiki har su kai ga halaka, ko da sanyin bai kai na daskarewa ba. Daga tsayin mita 2,500 zuwa sama kuma wasu sukan yi fama da ciwon kai da jiri saboda ƙarancin iskar shaƙa. Saboda haka wajibi ne a duba hasashen yanayi, a tafi da rigar ruwa da tocila, a kuma sanar da wani inda aka nufa da lokacin dawowa. Game da kayan aiki, sanyi yana saurin cinye batir, don haka akan ajiye na ƙari a aljihun da ke kusa da jiki. Idan za a shigo da kyamara daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, sai a bar ta a cikin jaka har ta ɗumama, don kada raɓa ta kwanta a cikinta.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa launin kaka da hasken tsauni da juyawar yanayi duk suna da dalilai da za a iya sani, kuma sanin su ne ke gaya wa mai hoto inda zai tsaya da lokacin da zai tsaya. Duk da cewa misalan na Amurka ne, ƙa'idojin haske ɗaya ne a ko'ina. Ɗalibin da ya je duwatsun Shere a Jos, ko tsaunin Mambila, ko Kufena a Zariya a ƙarshen damina, zai tarar da washewar hadari da hasken la'asar suna aiki kamar yadda aka bayyana, sai dai a nan rana ta fi saurin faɗuwa, don haka lokacin ya fi gajarta. Masu iya magana suna cewa tun ran gini ran zane. Wanda ya tsaya neman yadda ake saita kyamara bayan haske ya zo, kafin ya gama hasken ya wuce.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin kaka a wurin Bahaushe da kaka a ƙasashen sanyi.
2. Yi bayanin dalilin da ya sa ganye ke komawa rawaya ko ja.
3. Me ya sa hasken safe da na yamma suke karkata zuwa ja?
4. Kawo hanyoyi uku na magance tazarar haske tsakanin sama da kwari.
5. Waɗanne darussa za a koya daga labarin hoton Hernandez?
6. Zaɓi wani dutse ko tudu a yankinku, ka lura da shi da asuba da tsakar rana da la'asar, sannan ka rubuta bayanin abin da ya sauya a shafi ɗaya.